Ruwan da Ke Ƙin Sabulu: Abin da Ya Kamata Mutanen Ruwan Gizo da Kewaye Su Sani

A ƙasar Talata Mafara, da Bakura, da Maradun, idan aka haƙa sabuwar rijiyar burtsatse aka kafa mata famfo, matan gida ne suke fara yanke mata hukunci tun kafin wani ma'aikaci ya zo da abin awo. Su ne suke ganin ko sabulu ya yi kumfa ko ya ƙi, ko wake ya nuna da wuri ko ya cinye itace, ko kuma gindin buta ya fara yin farin ɓawo. Idan waɗannan alamu uku suka haɗu sai a ce ruwan yana da zartsi. A gari irin Ruwan Gizo, wanda mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Talata Mafara, wannan hukunci yana iya sa a ƙaurace wa rijiyar da aka kashe kuɗi mai yawa a kanta, a koma tafki.

Kalmar zartsi ta haɗa abu biyu. Akwai ruwa mai gishiri-gishiri, wanda harshe ke ganewa nan take. Akwai kuma ruwa mai ɗauke da narkakkiyar farar ƙasa, wato sinadaran kalshiyam da magniziyam, wanda sau da yawa garau yake a ido. Na biyun shi ne mai ƙin sabulu. Ruwan sama ba ya zuwa da waɗannan sinadarai. Sai ya nutse cikin ƙasa, ya daɗe yana ratsa duwatsu, sannan yake narkar da su kaɗan-kaɗan ya tafi da su.

Wannan yanki kuwa yana kan iyakar ƙasa iri biyu. Ta gabas, wajen Maradun, tsohon dutse ne mai tauri. Idan aka nausa yamma ta Bakura zuwa Sakkwato sai a shiga ƙasar yashi da yumɓu masu hawa-hawa, har a kai ga farin dutsen Kalambaina wanda ake yin siminti da shi. Saboda haka rijiyoyi biyu a gari ɗaya suna iya bambanta, gwargwadon zurfinsu da irin dutsen da kowace ta taras. Ruwan Gulbin Sakkwato da na madatsar Bakolori, wadda aka gama gininta a 1978, galibi ya fi na ƙarƙashin ƙasa karɓar sabulu, amma ya fi shi laka da ƙwayoyin cuta.

Masana suna auna abin da miligiram a cikin kowace lita. Abin da ya gaza 60 ruwa ne mai laushi, daga 120 zuwa 180 mai ƙin sabulu ne, abin da ya haura 180 kuwa ya tsananta. Ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya, wadda aka fitar a 2007, ta tsayar da iyaka a kan 150. Idan ruwa ya kai 200, to jarka ɗaya mai lita 25 tana ɗauke da giram 5 na farar ƙasa, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Gidan da ke shan jarka huɗu a yini ya ga dalilin da butarsa ke yin ɓawo cikin 'yan makonni.

Hasarar tana shiga gida ta ƙofa da yawa. Sabulun sanda ba ya fara wanki sai ya gama kokawa da kalshiyam, ya zama wani dusa-dusa mai manne wa tufa da baho, sa'an nan ragowar ta yi kumfa. Farar riga takan dushe, zane ya yi ƙarfi, jiki ya yi kaushi bayan wanka. Ɓawon da ke gindin tukunya yana tare zafi, sai girki ya ƙara cin itace ko gawayi. Wake yakan daɗe a kan wuta domin kalshiyam yana ɗaure fatarsa da ƙwayarsa. Bakin famfo da bututu su ma sukan toshe a hankali, har ruwa ya koma ɗigo.

To, amma duk da wannan ɗawainiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sanya wa irin wannan ruwa wata iyaka ta fuskar lafiya ba, domin kalshiyam da magniziyam abubuwa ne da jiki yake bukata. Haɗarin yana wajen gudunsa. Iyalin da suka bar famfo suka koma tafki don sabulu ya yi kumfa sun yi gudun gara sun faɗa zago. Ta ruwan tafki kurkunu ya addabi ƙauyuka shekara da shekaru, kafin a tabbatar da kawar da shi daga Nijeriya a 2013. Ta gurɓataccen ruwa kuma amai da gudawa ke yaɗuwa, kamar yadda aka gani a 2021, lokacin da Zamfara ta kasance cikin jihohin da annobar ta fi taɓawa.

Haka nan kuma ya kamata a tuna cewa abin da ke kisa ba kullum yake barin alama ba. A 2010 gubar darma ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, sanadiyyar niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Darma ba ta hana kumfa, ba ta da ɗanɗano, tafasawa kuma ba ta fitar da ita. Kumfar sabulu ba shaida ba ce cewa ruwa ya dace da sha. Ɗakin gwaji kaɗai ke iya ba da wannan shaida.

Akwai dabarun da ba su fi ƙarfin talaka ba. Idan aka tafasa ruwa aka bar shi ya kwanta, wani kaso na farar ƙasar zai zauna a gindi, sai a tsiyaye na sama. Wanda ya ƙi fita da tafasawa, 'yar kanwa ko ruwan toka a cikin ruwan wanki yana kwantar da shi, kuma wannan ne ya sa iyaye mata suke jefa kanwa a tukunyar wake. Sai dai ba a zuba ta a randar sha. Garin sabulu irin su Omo ya fi sabulun sanda jure wa wannan ruwa. Ruwan lemon tsami ko na tsamiya yana narkar da ɓawon buta idan ya kwana a ciki. Da damina, ruwan indararo da aka tara bayan rufi ya wanku ya fi kowane ruwa kyau ga wanki. Alif da 'ya'yan zogale kuwa laka suke kwantarwa, kada a dogara da su a wannan aiki.

Inda ake tace ruwa don gari guda, tsohuwar hanya ita ce wadda Thomas Clark, malamin kimiyya a Abadin ta ƙasar Sikotilan, ya fito da ita a 1841. Ana zuba ƙonanniyar farar ƙasa bisa awo, sai ta jawo 'yar uwarta da ke narke su kwanta tare. Aikin injiniya ne, ba na cikin gida ba.

Ɗalibai suna iya gwada rijiyoyin unguwarsu da kwalabe biyu masu girma ɗaya, ɗaya da ruwan sama, ɗaya da ruwan famfo. A sa musu sabulu daidai wa daida, a girgiza, a dubi wadda ta fi kumfa. Ma'aikatan ruwa da na lafiya a ƙananan hukumomin nan uku kuwa, wajibi ne su tabbatar an gwada ruwan kowace rijiya kafin a miƙa ta ga jama'a, a kuma karanta wa mai gari da matan gida sakamakon da Hausa. Matar da aka gaya mata cewa ruwan famfonta lafiyayye ne, aka kuma nuna mata yadda za ta yi wanki da shi, ba za ta aiki 'yarta tafki da tulu ba.