Famfon Magani a Ƙarƙashin Fata

Akwai ciwon da ƙwaya ba ta iya masa. Mai cutar daji da ta kai ƙashi, ko wanda aka yi wa tiyatar baya amma raɗaɗin ya ƙi barin ƙafarsa, yakan kai matakin da in an ƙara masa maganin kashe zafi na mofin sai barci da amai da taurin bayan gida su kayar da shi, in an rage kuma ya kwana yana nishi. Irin waɗannan ne likitoci kan yi shawarar dasa wa famfo.

Girman abin kusan na gwangwanin man takalmi ne. Ana tsaga fatar ciki a gefe guda a saka shi, sannan a ja siririn tiyo ta ƙarƙashin fata, a zagaya da shi ta kwiɓi zuwa ƙashin baya, a shigar da bakinsa cikin ruwan da ke kewaye da laka. Daga nan famfon ke ɗiga magani ɗis-ɗis, dare da rana, gwargwadon yadda likita ya saita shi da wata na'ura daga waje.

Dabarar tana wurin da maganin ke sauka. Ƙwayar da aka haɗiya sai ta bi hanji, hanta ta ci nata rabon, jini ya watsa sauran ko'ina, ɗan kaɗan ya isa laka, alhali ta nan saƙon ciwo ke bi ya hau ƙwaƙwalwa. A 1976 Tony Yaksh da Thomas Rudy suka nuna a jikin ɓeraye cewa zuba magani irin mofin a kan laka yana kashe zafi, a 1979 kuma likitocin asibitin Mayo a Amurka suka gwada mofin haka a masu cutar daji. Ƙiyasin da aka saba yi shi ne, miligiram 1 ta wannan hanya na iya aikin kusan miligiram 300 na haɗiya. Ba mofin kaɗai ake zubawa ba. Akwai Prialt, wanda Amurka ta amince da shi a 2004, an kwaikwayo shi ne daga dafin wani dodon-koɗin teku. Ikon Allah!

Sai dai wanda aka dasa wa famfo ya ƙulla aure da asibiti. Tankin nau'in SynchroMed II na kamfanin Medtronic yana ɗaukar mililita 20 ko 40 ne, don haka duk bayan wata ɗaya zuwa 'yan watanni sai an koma an cika shi da allura ta cikin fata. In allurar ta kauce wa bakin tankin, maganin watanni ya zube a ƙarƙashin fata lokaci guda, numfashi na iya tsayawa. In tiyon ya lanƙwashe ko tankin ya ƙafe, jikin da ya saba da magani ya shiga uku. Wani ƙullutu kan fito a bakin tiyon ya danne laka. Batirin ma ba ya wuce shekara 7, sai a sake tiyata.

Mutanenmu da yawa na zuwa Indiya ko Masar neman magani. Wanda aka yi wa tayin wannan famfo a can, kafin ya sa hannu, ya fara tabbatar da likitan da zai riƙa cika masa shi a gida, da inda za a samo maganin, da asibitin da zai ruga in na'urar ta yi ƙarar gargaɗi da tsakar dare.