Wane Ne Red John? Mugu Ba Shi Da Kama

 Kowaccenmu ta san daɗin canke a wajen kallo, wato tun fim bai yi nisa ba kin nuna mutum kin ce, "Wallahi wannan ne mugun." To yau ina tafe da labarin wani wasan talbijin na Amurka da ya shekara 5 yana wahalar da masu canke. Sunansa The Mentalist, an fara nuna shi a tashar CBS a 2008, aka kammala a 2015.

Jarumin wasan, Patrick Jane, ɗan damfara ne mai ƙaryar yana magana da matattu. Wata rana ya shiga talbijin ya ci mutuncin wani makashi da ake kira Red John, wanda babu wanda ya san fuskarsa. Komawarsa gida ke da wuya sai ya tarar an kashe masa mata da 'ya, an zana fuska mai murmushi da jini a jikin bango, alamar makashin ke nan. Daga nan ya bar damfara, ya shiga taimakon masu binciken laifi na jihar Kalifoniya ƙarƙashin wata jami'a, Teresa Lisbon, wadda daga ƙarshe soyayya ta kai su ga aure.

Mu nan Kaugama wasan ya iso mana ne ta hannun yayanmu, da ya turo shi a waya wajen masu tura fina-finai a Haɗeja, shi ne kuma tafintanmu. Kai jama'a, an sha musu a tsakar gidanmu! Da Jane ya taƙaita zarginsa kan mutum 7 a ƙarshen zango na 5, ƙanwata ta kafe kan Bret Stiles, shugaban wata ƙungiyar asiri, wai idonsa kaɗai ya isa shaida. Matar yayanmu kuwa ta ce Brett Partridge ne, don yadda yake jin daɗin duba gawa.

To kun san wane ne? A watan Nuwamba 2013 asiri ya tonu, ashe Thomas McAllister ne, shugaban 'yan sandan wata gunduma, mai fara'a da barkwanci. Tun a kashi na 2 na wasan aka nuna shi, har suka gaisa da Jane hannu da hannu, amma kakinsa da sakin fuskarsa suka rufe idon masu kallo.

Ke 'yar uwa, kada ki ce ai wasa ne. Ki tuna yarinyar nan 'yar shekara 5 da aka sace a Kano a Disambar 2021. Da 'yan sanda suka gano gaskiya a Janairun 2022, sai ga shi mai makarantar da take zuwa ne, mutumin da iyayenta suka amince wa. Kotu ta yanke masa hukuncin kisa a Yulin 2022.

Ba cewa na yi ki riƙa zargin kowa ba, mutanen kirki sun fi yawa. Amma ki daina auna mutum da fuska, ko muƙami, ko daɗin baki, ki auna shi da abin da yake nema a wajenki. Duk wanda ya ce ki zo ke kaɗai, ko ki shiga motarsa ba da sanin gida ba, ko ya ba ki kyauta ya ce kada ki gaya wa Inna, to ko malaminki ne, ko saurayinki, ko ɗan uwa, ki garzaya ki faɗa a gida. Mai gaskiya ba ya tsoron iyayenki su sani.

Allah Ya tsare mu da sharrin mugun ɓoye, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.