Lokacin Tashi da Tsawon Tafiya a Fataucin Gwanja

Gabatarwa

Masu iya magana na cewa, tun ran gini ran zane. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda fataken ƙasar Hausa na ƙarni na 19 kan tsara lokacin tashi da tsawon tafiyarsu zuwa Gwanja, wato yankin kasuwar Salaga a arewacin ƙasar Gana ta yau, inda ake saro goron da aka fito da shi daga kurmin Asante.

Lokacin Tashi

Damina ce ke yanke wa madugu ranar tashi. Muddin ana ruwa, rafuka a cike suke, hanya duk taɓo, ga sauro yana kayar da mutane, tsando kuma yana kashe jakuna. Saboda haka ayari kan dakata sai kaka, lokacin da hatsi ya wadata don guzuri, hanya kuma ta bushe. Bugu da ƙari, babban ɗiban goro yana zuwa ne a ƙarshen shekara, don haka wanda ya tashi da kaka zai tarar da kasuwa cike.

Tsawon Tafiya

Daga Kano zuwa Salaga ayari kan yi wata 2 zuwa 3, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu da Dagomba. Amma gogaggen madugu ba kwanakin tafiya kaɗai yake ƙirgawa ba. Yakan sa lissafin hutun dabbobi a zango, da jiran fito, da daidaitawa da sarakunan hanya, da kwanakin sayar da kanwa da tufafi. Ta haka zuwa da komowa kan ci wata 6, wani sa'in shekara guda.

Komowar ita ce abin tsoro, domin goro ba ya jimirin sakaci. Dole a riƙa kwance shi a hanya, a yayyafa masa ruwa, a tsince wanda sankara ta kama. Falken da ya yi jinkiri har ruwa ya sauka kuwa, ko dai ya yi damina a zango yana cin uwar kuɗi, ko ya kama hanya ya yi asarar jakuna da kaya.

Kammalawa

Yaƙin basasar Salaga na 1892 da isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 sun karya wannan hanya, amma ruwan sama bai sake hali ba. Kudancin Gana na samun ruwa sau biyu, daga Afrilu zuwa Yuli, sannan daga Satumba zuwa Nuwamba, arewaci kuwa sau ɗaya, daga Mayu zuwa Oktoba. Ke nan mai niyyar zuwa can ya kamata ya yi koyi da madugu: ya fara tsayar da ranar komowa, ya ƙara kwanakin tsaiko a kai, sa'an nan ya sa ranar tashi.