Jakadancin Da Ba Ya Ɗaga Tuta

Ba duk hulɗar ƙasa da ƙasa ce ke bi ta ofishin jakada ba. Akwai wata ƙofar, wadda gwamnatoci ke buɗewa da sunan al'adu ko ciniki. Ingila na da British Council a Kano, Faransa na da Alliance Française, Sin kuma ta kafa cibiyoyin Confucius a jami'o'in Legas da Awka. A fili, koyar da harshe ne da jarabawa da laburare. A zahiri kuwa neman masoya ne, don wanda ya sha ruwan harshenka yana matashi da wuya ya juya maka baya idan ya hau kujera.

Wani lokaci kuma ƙofar gaba ce a rufe. Tun 1971 Nijeriya ta amince da gwamnatin Beijin, saboda haka Taiwan ba ta da jakada a nan, sai abin da ake kira ofishin ciniki, wanda ke yin da yawa daga aikin jakadanci ba tare da sunan ba. A Janairun 2017 gwamnati ta ce ya tashi daga Abuja ya koma Legas, don kada ya yi kama da ofishin jakada.

Bagobirin Sabon Birni ko Isa ba baƙo ba ne ga irin wannan tsari, sai dai nasa ya girmi ofis. Bayan faɗuwar birninsu, Alƙalawa, a 1808 Gobirawa suka watsu. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 sarkinsu Mayaƙi ya kafa Tsibiri, daga bisani wani ɗan gidan sarautar, Ɗan Halima, ya ɓalle daga can ya kafa Sabon Birni. Da Turawan Ingila da na Faransa suka ja iyaka a farkon ƙarni na 20, Tsibiri ta faɗa Nijar, Sabon Birni da Isa suka faɗo Nijeriya. Tsatso ɗaya, tsagen fuska ɗaya, katin shaida biyu.

To, idan aka kora wa mutum shanu aka ƙetara da su, ko rikicin aure ya haɗa gida biyu na ƙasa biyu, ba Yamai ko Abuja yake tunawa ba. Wajen hakimi yake zuwa, a haɗa shi da ɗan aike, ya faɗi gaisuwa a fadar can, a ce masa: "Ai gida ka zo." Ɗan kasuwa ma yana da mai masaukinsa a Maraɗi, wanda ke tsaya masa a ciniki da bashi.

An ga amfanin wannan tun 2019, da 'yan bindiga suka matsa wa yankin: dubban mutane suka tsallaka zuwa ƙauyukan Gidan Rumji a Nijar, kuma mutanen gari ne suka fara ba su ɗaki da hatsi kafin hukumomin agaji su iso. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, gwamnatoci suka yi ta musayar baƙaƙen maganganu, amma gaisuwar mutuwa da ɗaurin aure ba su tsaya ba.

A ganina nan ne aka yi sakaci. Hukumar haɗin gwiwar Nijeriya da Nijar na zaune a Yamai tun shekarun 1970, nesa da iyaka. Da a ce an kafa gidan tarihin Gobir na haɗin gwiwa, da reshe a Tsibiri da Sabon Birni, inda za a adana kiɗan fada da jerin sarakuna da rubuce-rubucen ajami, da ƙasashen biyu sun sami zauren da za su zauna ko da manya na gaba da juna.