Palais du 29 Juillet: zauren wasanni ɗaya, ayyuka da yawa

Duk ɗan Kurfai da ya taso daga Filinge ya yi tafiyar kilomita kusan 180 zuwa Yamai ya san babban filin ƙwallo mai sunan Janar Seyni Kountché, ɗan Fandu da ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987. Kusa da filin akwai wani gini mai rufi da mutane da dama ke wucewa ba su san aikinsa ba. Shi ne Palais du 29 Juillet, babban zauren wasannin cikin ɗaki na birnin.

Da farko Palais des Sports ake ce masa. A cikinsa ne aka buɗe babban taron ƙasa ranar 29 ga watan Yuli na 1991, ƙarƙashin jagorancin Farfesa André Salifou, taron da ya kai har 3 ga Nuwamba ya kuma shimfiɗa hanyar mulkin jam'iyyu da yawa. Daga wannan rana ginin ya samo sunansa na yanzu.

Abin da ya bambanta irin wannan zaure da filin ƙwallo shi ne daɓensa da rufinsa. Daɓe ɗaya ne, amma ana shata masa layuka daban-daban: yau ƙwallon kwando, gobe ƙwallon hannu ko na raga. In an shimfiɗa tabarmin roba sai a yi judo ko taikwando, in an kafa dandamali sai damben zamani ko wasan mawaƙa. Rufin kuwa yana kare ƴan wasa daga zafin Afrilu da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu, da ruwan damina.

Wannan yawan ayyuka shi ne abincin ginin. Wuta, ruwa, gyara da albashin ma'aikata ba su tsayawa ko da ba a wasa, kuɗin tikitin gasa kaɗai kuma ba ya ɗaukar nauyinsu. Shi ya sa ake ba da hayar zauren ga masu baje koli da masu shirya waƙa, a da kuma har da tarurrukan jam'iyyu. A nan aka sha gudanar da baje kolin noma da kiwo na SAHEL.

Wasu ƙasashe sun zuba kuɗi mai yawa a wannan fanni. Senegal ta buɗe Dakar Arena mai kujeru 15,000 a 2018, Ruwanda ta buɗe nata na Kigali mai kujeru 10,000 a 2019, inda aka buga zagayen farko na gasar ƙwallon kwando ta Afirka, BAL, a 2021.

Me ya shafi Filinge a nan? Lambar Olamfik ta farko da Nijar ta ci, Issaka Daboré ne ya kawo ta, tagulla a dambe a Munich, 1972. Ta biyu, azurfa ce ta Abdoul Razak Issoufou Alfaga a taikwando a Rio, 2016. Duka biyun wasannin cikin ɗaki ne. Kokowa ta samu filayenta a manyan biranen jihohi albarkacin gasar Takobi da aka fara a Tawa a 1975, amma yaron da ke da hannun dambe ko ƙafar taikwando a Filinge, Bonkuku ko Damana yana bukatar daɓe mai kyau da inuwa kafin ya kai Yamai.

Gari kamar Filinge bai bukatar kujeru dubu goma. Rumfa mai rufin kwano da daɓen siminti da fitilun hasken rana ta isa: ɗalibai da safe, ƙungiyoyin wasa da marece, biki ko taro a ƙarshen mako don a samu kuɗin gyara. Abin da ya kamata jama'a su tambayi hukumomin gari kafin a aza tubali shi ne wa zai riƙe makullin, kuma ina kuɗin haya za su shiga.