Igwar Hawan Duwatsu da Ganuwar Kano

Babbar matsalar sojan da ke yaƙi a cikin duwatsu ita ce nauyi. Igwa mai dogon baki tana jefa harsashi da ƙarfi, amma ba ta hawa tsauni inda babu hanyar mota. Saboda haka ne maƙera a Turai suka ƙera wata ƙaramar igwa mai gajeren baki, wadda ake kwancewa gunduwa-gunduwa a ɗora wa alfadarai, a sake harhaɗa ta a fagen daga. Irin wadda kamfanin Vickers-Maxim ya yi tana da faɗin baki milimita 75, harsashinta kuwa bai cika kilo shida ba.

A Afirka ta Yamma alfadari bai yi wa Turawa rana ba. Ƙudan tsando na kurmi da bakin rafuka yana ɗauke da ƙwayar cutar sammore, wadda ke shiga jinin dabba ta rame har ta mutu. Sai aikin ya koma kan 'yan alaro, su ne suka riƙa ɗaukar gunduwoyin igwa da akwatunan harsashi a ka.

Irin waɗannan igwogi guda huɗu Kanar Morland ya taso da su daga Zariya a ƙarshen Janairun 1903. Sun fasa ƙofar Bebeji ba da wata wahala ba. Amma ran 3 ga Fabrairu, da suka fuskanci ganuwar Kano wajen Ƙofar Dukawuya, sai abin ya faskara. Dalilin yana cikin kimiyya. Gajeren baki ba ya ba hayaƙin albarushi isasshen lokacin tura harsashi, don haka yake fita da ƙarancin gudu. Ita kuma jar ƙasa ba ta tsagewa kamar dutse: harsashi ya nutse a cikinta, ta shanye ƙarfinsa, ya fashe ya bar ɗan gurbi kawai. Ga shi kaurin ganuwar a gindi ya kai ƙafa arba'in a wasu wurare. Maginan Kano ba su san igwa irin wannan ba, amma dai aikinsu ya tare ta.

Dole Morland ya bar bango ya nemi itace. Ya matsa zuwa Ƙofar Kabuga, aka harbi ƙyauren har ya ɓalle, soja suka kutsa. Daga nan 'yan alaro suka sake saɓa igwogi suka nufi Sakkwato, aka gwabza a can ran 15 ga Maris.