Sunayen Tsibiran Teku a Kasuwannin Fagge da Sabon Gari

Tsibiri shi ne yankin ƙasa wanda ruwa ya kewaye ta ko'ina, idan kuma da yawa suka taru wuri guda a cikin teku sai masana labarin ƙasa su kira su tarin tsibirai. Wasu ɓangaren babbar ƙasa ne da ruwa ya yanke, wasu duwatsu ne masu aman wuta da suka taso daga ƙarƙashin teku, wasu kuma murjani ne ya yi ta taruwa shekaru aru-aru har ya zama tudu. Tsakanin Kano da bakin teku akwai tafiyar kilomita wajen 1,000, amma duk da wannan nisa sunayen tsibirai suna yawo kullum a bakin 'yan kasuwar Fagge da Sabon Gari.

A Kantin Kwari, idan mai shago ya warware turmin atamfa a kan kanta ya ce wa mai saye Java ce, sunan tsibiri ya kira, wanda fiye da rabin mutanen Indonesiya suke zaune a kansa. Mutanen Java sun shahara da sana'ar batik, wato a zana narkakken kaki a jikin yadi kafin a tsoma shi cikin rini, yadda duk inda kakin ya rufe launi ba zai kama ba, dabarar da ta yi kama da ɗaurin zare da marinan Ƙofar Mata suke yi. Turawan Holan da suka mallaki tsibirin su ne suka kwaikwayi wannan aiki da inji a ƙarni na 19, suka kawo shi Afirka ta Yamma, shi ya sa har gobe ake jin Java da Holan a rumfa ɗaya. Ita kanta kalmar Indonesiya, wadda ta haɗa tsibirai sama da 17,000, wasu Turawan Birtaniya biyu ne suka ƙirƙiro ta a 1850 daga kalmomin Girkanci masu nufin tsibiran Indiya, kuma abin a yaba ne yadda 'yan kishin ƙasar suka karɓe ta suka mai da ita tutar 'yancin da suka shelanta a 1945.

Kanumfarin da ake aunawa a kasuwar Sabon Gari, wanda matan gida suke jefawa a zoɓo da kunun zaƙi, asalinsa tsibiran Maluku ne, daga baya Larabawan Oman suka yawaita shuka shi a Zanzibar. Wannan suna, wanda ke nufin gaɓar baƙaƙen fata, baƙin da suka zo ta jirgin ruwa ne suka raɗa shi, alhali masu wurin Unguja suke kiran babban tsibirinsu.

Labarin da ya fi kusa da Sabon Gari shi ne na Bioko, tsibirin dutse mai aman wuta da ke kimanin kilomita 32 daga gaɓar Kamaru, wanda ƙololuwarsa ta haura mita 3,000. Mutanen Bubi suna zaune a cikinsa tun kafin matuƙin jirgin Fotugal, Fernando Po, ya iso wajen 1472, amma sunan baƙon ne ya zauna a taswira kusan shekara 500. A 1973 shugaban ƙasar da tsibirin yake cikinta, Macias Nguema, ya liƙa masa nasa sunan, bayan an hamɓarar da shi a 1979 aka mai da sunan tsibirin Bioko. Dubban leburori daga gabashin Najeriya, yankin da yawancin 'yan ƙabilar Ibo na Sabon Gari suka fito, sun yi aikin ƙwadago mai tsanani a gonakin koko na tsibirin, musamman bayan yarjejeniyar da Ingila ta ƙulla a 1942 da Sifaniya, mai mulkin tsibirin a lokacin. Su kuwa leburorin Panya suke ce da tsibirin, daga yadda kunnensu ya ji sunan Sifaniya a bakin masu gonakin, kuma wannan suna bai taɓa shiga taswira ba.